Inda aiki ya kai a kan tsohuwar Outback: tayoyi, mai da abin da ya rage

'Yan uwa masu koyon kula da motocinsu da hannunsu, ga bayanin inda na tsaya a kan motar da na saya kafin daminar bara, wato Subaru Outback ƙirar 2005, wagon mai injin lita 2.5 da giya otomatik mai hawa huɗu. Dalilin sayenta shi ne hanyar ƙauyenmu, wadda daga inda kwalta ta ƙare sai jar ƙasa da yashi, kuma da zarar ruwa ya zauna a watan Agusta sai ta gagari ƙananan motoci masu jan gaba. Ina buƙatar motar da za ta ɗauki iyali da buhunan hatsi, ba ni kuma da ƙarfin riƙe babbar jif, don haka na karkata ga mota mai ja da ƙafa huɗu wadda jikinta na motar gida ne.

Ya kamata a fara bambance wannan tsari da na motoci irin su tsohuwar Hilux, inda direba ne yake sa ƙafa huɗu da hannunsa idan ya shiga laka, ya cire idan ya hau kwalta. A tawa babu abin da direba yake taɓawa. A bayan giyar akwai wasu faya-fayan kuloci da ke jiƙe cikin man giya, kwamfutar giya ce take matse su ko ta sassauta su gwargwadon bambancin gudun ƙafafun gaba da na baya, ta haka ake tura ƙarfi zuwa baya ta firofela, wato dogon ƙarfen da ya haɗa giya da ƙafafun baya. Kamfanin Subaru ya daɗe a wannan sana'a, domin tun 1972 ya fitar da wagon ɗin Leone mai ƙafa huɗu a Japan, Legacy ta biyo baya a 1989, ita kuwa Outback daga jikin Legacy aka fitar da ita a tsakiyar shekarun 1990. Duk wanda ya fahimci aikin waɗannan faya-fayai zai gane dalilin kusan duk abin da zan faɗa a ƙasa.

Wajen saye, na fara da takardu kafin ƙarfe. Lambar shasi tana da harafi da lamba 17, ta goma a jere ita ce take nuna shekarar ƙira, kuma a tawa 5 ce, abin da ya yi daidai da 2005 ɗin da dillali ya faɗa. Farkon lambar 4S4 ne, alamar cewa a Amurka aka haɗa ta, a masana'antar kamfanin da ke Lafayette a jihar Indiyana, alhali waɗanda aka haɗa a Japan da J suke farawa. Wannan ya sa na shiga rami da tocila na duba ƙasanta da kyau, saboda a jihohin arewacin Amurka ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin ƙarfe, musamman bututun birki da wajen da ƙafafun baya suke kama jiki. Na dace tsatsar ta saman ƙarfe ce kawai. Takardar kwastan ma na kai an tabbatar da ita, domin tun Janairun 2017 da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motar da takardunta ba su cika ba tana iya kwana a hannun jami'ai a kowane shinge.

Gwajin da ya fi kowanne muhimmanci ba ya buƙatar ko sifana. Bayan mota ta yi zafi, a sami fili mai kwalta ko siminti, a murɗe sitiyari har ƙarshe, a saki birki a bar ta ta riƙa zagayawa da kanta a hankali, sannan a juya ɗaya hannun. Lafiyayyar mota za ta zagaya sumul. Wadda faya-fayanta suka fara gajiya za ta riƙa cijewa tana tsalle-tsalle daga baya, har sai an taka totur kafin ta motsa. Tawa ta ɗan cije, ba da yawa ba, kuma na ga dalilin tun kafin in sauko: tayoyinta huɗu na kamfanoni uku ne, biyu sun kusa siɗewa, ɗaya kuwa sabuwa fil. Da wannan hujja na rage farashi, dillali bai ma yi doguwar gardama ba.

Batun taya shi ne ya fi cin lokacina da kuɗina, shi ne kuma nake so ku fi riƙewa. A motar jan gaba, idan taya ɗaya ta fashe sai a sayi ɗaya a ɗaura, babu abin da zai faru. A nan lamarin ba haka yake ba, domin ƙafafun huɗu a haɗe suke ta cikin giya. Tayar da ta siɗe ta fi sabuwa ƙanƙanta, saboda haka tana juyawa sau da yawa fiye da ita kafin su ci nisa ɗaya. Kwamfuta ba ta san cewa taya ce ta tsufa ba, abin da take gani shi ne ƙafa ɗaya tana gudu fiye da 'yan uwanta kamar tana santsi, sai faya-fayan su yi ta gogar juna a kan busasshiyar kwalta daga Kano har Zariya, mai ya yi zafi, su kuma su ƙone a hankali. Ƙa'idar da masu wannan mota suke bi ita ce kada bambancin kewayen tayoyin ya wuce rubu'in inci, wato kimanin milimita 6, kuma wannan tazara ƙarama ce ƙwarai idan aka tuna cewa kewayen tayar ya haura mita biyu.

Ga yadda na auna. Na daidaita iskar tayoyin da safe kafin rana ta ɗaga, bisa adadin da aka rubuta a jikin ginshiƙin ƙofar direba. Na ɗaga kowace ƙafa da jak, na zagaya tsakiyar tayar da tef irin na teloli, na rubuta abin da na samu da alli a jikin robar. Tsakanin sabuwar da mafi tsufa na sami fiye da santimita ɗaya da rabi. Da na je wajen mai sayar da taya na ce huɗu nake so iri ɗaya, lamba 225/60 R16, sai ya ce, “Alhaji, ai wannan ta baya da sauranta, ka sayi uku mana ka huta.” Na ce masa, “Malam, giyar ce ba za ta huta ba.” Ya yi dariya, ya fito da huɗu, na duba lambobi huɗun ƙarshe na rubutun DOT da ke gefen kowacce, waɗanda biyun farko suke nuna mako, biyun ƙarshe kuma shekarar da aka yi ta. Ra'ayina a nan a bayyane yake: wanda ba zai iya sayen taya huɗu a lokaci guda ba, ya haƙura da irin wannan mota, domin tayoyin gwanjo da ake tsinta ɗaya-ɗaya ba za su taɓa zuwa daidai ba. Sabuwar tayar da na cire na sayar da ita ga wani maƙwabci mai motar jan gaba.

Akwai wani ƙaramin abu da mutane da yawa ba su sani ba game da masu wannan giya. A akwatin fis da ke cikin bonet akwai gurbi mai rubutun FWD, wanda idan aka sa masa fis sai jan baya ya katse, mota ta koma jan gaba zalla, fitilar gargaɗi kuma ta kama a gaban direba. An yi shi ne domin lokacin da aka ɗaura ƙaramar safaya. Mai sayen mota ya leƙa gurbin nan, saboda wasu suna barin fis a ciki don su ɓoye cijewar da na ambata. Haka nan idan motar ta lalace a hanya, ba a janta ƙafa biyu a sama biyu a ƙasa, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗaukar mota.

Bayan taya sai mai, kuma a nan akwai tarko. Motar tana da wuraren mai huɗu: injin, giya, aksul na gaba da aksul na baya. Aksul na gaba a jikin giyar yake, amma mansa daban ne, mai kauri ne lamba 75W-90, kuma yana da sandar awonsa a gefen fasinja, ita kuwa ta man giya tana gefen direba. A ƙasa ma kusoshin tsiyayarwa ba su da nisa da juna, shi ya sa yaron gareji da bai saba da motar ba yake iya tsiyaye wannan ya cika wancan. Ni da kaina na kwanta na yi aikin, bakaniken da nake koyo a wajensa yana tsaye yana duba ni. A aksul na baya ya sa na fara kwance kusar cikawa kafin ta tsiyayarwa, don kada in zubar da mai sannan in tarar ta sama ta ƙi buɗewa. Man da ya fito baƙi ne mai wari, maganaɗisun kusar kuma ya tara laushin ƙarfe kamar kwalli, amma babu gutsattsari, abin da ya kwantar mini da hankali. Man giya kuwa ba ya fita duka a tsiyaya ɗaya, don haka na canza, na yi 'yan makonni ina hawa, na sake canzawa. Da sababbin tayoyi da sabon mai, cijewar ta ragu har sai mutum ya kasa kunne zai ji ta.

Tamin bel, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistin, ban tsaya jiran hujja a kansa ba. Wa'adinsa a motocin Amurka mil 105,000 ne, kusan kilomita 169,000, ko wata 105, kuma babu takardar da ta nuna an taɓa canza shi. Injin nan idan bel ya tsinke fistin yana dukan bawul, aikin da ya fi kuɗin bel nesa ba kusa ba. Mun canza shi tare da famfon ruwa da dukan boris ɗin da yake bi ta kansu, domin sau da yawa boris ne yake fara kamewa ya tsinka bel mai kyau. Kayan ba su cika yawa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kamar na Toyota da Honda ba, sai da aka aiko da wasu daga Ladipo a Legas, don haka wanda zai yi wannan aiki ya tara kayansa kafin ya kwance mota.

Da muka buɗe gidan tamostat (na'urar da ke daidaita zafin inji), wanda a wannan inji yake ƙasa a bakin famfon ruwa, sai muka tarar babu komai a ciki, fankar lagireto kuma an haɗa ta kai tsaye tana aiki tun daga tayar da mota. Al'ada ce da ta yaɗu a garejinmu da sunan maganin zafin ƙasarmu, ni kuwa ban yarda da ita ba, domin injin da bai kai zafinsa na aiki ba yana shan mai fiye da kima. Na mayar da tamostat, rewaya ya mayar da fanka yadda take, na wanke lagireto na zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya a maimakon ruwan rijiya mai tara tsatsa. Wannan ya zama dole, saboda injin lita 2.5 na waɗancan shekaru an san shi da yoyon gasket, kuma da yake silindojinsa a kwance suke biyu dama biyu hagu, yoyon yakan fara ne daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Duk ƙarshen mako nakan haska wajen da tocila, zuwa yanzu akwai ɗan danshin mai a gefen direba wanda bai kai ga ɗiga ba, ina sa masa ido.

A hanyar ƙauye ta yi abin da na saye ta dominsa. Tsayin cikinta daga ƙasa ya ɗan haura santimita 21, ta haye wuraren da a da sai an sauke fasinja an tura, kuma a kan jiƙaƙƙiyar jar ƙasa ba ta wulwula ƙafa. Amma ba ta da ƙaramar giyar da manyan jif suke hawan tudu da ita, hancinta kuma dogo ne yana taɓa ƙasa a gangaren rafi, ƙafa huɗun ma ba sa ƙara mata ƙarfin birki ko kaɗan. Wajen mai, a awona tana shan kimanin lita 12 a kilomita 100 cikin gari, ta sauko kusa da 9 a doguwar hanya, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ƙarshen Mayun 2023 cika tankinta mai lita 64 sai an shirya masa.

Abin da ya rage a gabana guda uku ne. Robar shaf ta ciki a gaba ta hannun dama ta tsage, giris ya fara fantsama a kan salansa yana ƙauri, kuma na zaɓi in canza robar in bar shaf na asali maimakon in sa sabo mai araha. Akwai gurnani daga baya da yake ƙaruwa da gudu, ina zargin boris ne, zan ɗaga ƙafar in juya ta da hannu ina riƙe da sifirin don in ji ko yana karkarwa. Na uku shi ne balan-balan ɗin kariya na gefen fasinja, domin motocin waɗannan shekaru suna cikin waɗanda aka yi kiranye a kansu saboda matsalar na'urar hura balan-balan ta kamfanin Takata, don haka zan bincika da lambar shasi ko an canza na tawa kafin ta baro Amurka. Da robar shaf zan fara a wannan Asabar in Allah ya kai mu, kuma wanda yake da soket mai lamba 32 da doguwar sanda ya taimaka mini da aro.