Ofishin da netwok ɗinsa ke ɗaukewa duk ƙarfe 11

Sana'ata haɗa netwok da kula da kwamfutocin ƙananan ofisoshi, ni da yarana biyu muke yi, kuma wallahi jan waya ba shi ke cin mana lokaci ba, neman inda matsala ta ɓuya shi ne aikin.

Wani ofis da muka karɓa kwanan nan, kwamfuta wajen 30, firinta 3, da wayoyin tebur masu bin intanet, manajan ya kira ni ransa a ɓace, wai Wi-Fi na ɗaukewa, ana magana a waya murya na yankewa, firinta ɗaya kuma haka kawai sai ta kama aman takardu, layi ɗaya na shirme a saman kowane shafi har takardar ciki ta ƙare. Kafin in zo sun canza rauta, sun sauya kebul, sun sha faɗa da masu ba su intanet, duk a banza.

Sakatariyarsu na tambaya, na ce Malama, yaushe abin ke farawa? Ta ce Injiniya, kullum sha ɗaya ne, kafin sha biyu ya lafa. Nan hankalina ya bar kan waya, don kebul in ya lalace bai san agogo ba.

Washegari na zauna gaban suwic, akwatin da wayoyin netwok ɗin ofis ke haɗuwa a cikinsa, na buɗe Wireshark, manhajar da ke nuna saƙonnin da ke wucewa a layi, 11 na cika fitilun suka kama ƙiftawa gaba ɗaya, allo ya cika da saƙon ARP, wato cigiyar da na'ura ke yi in tana neman wata a netwok, daga kwamfuta guda tana tambayar wa ke da wannan adireshin, wa ke da wancan, ba tsayawa. Irin wannan saƙon kowace na'ura sai ta ji shi, a Wi-Fi kuma a mafi ƙarancin gudu ake aika shi, shi ya sa yake cinye wa kowa hanya.

Ashe wanda ya yi musu aiki kafin mu ya sa manhajar ƙidayar na'urori a wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur, ƙura har ta toshe mata fanka, ba wanda ya ma tuna da ita. Manhajar fa ba ta da laifi, ni ma ina amfani da irinta, saitin ne. A saitin faɗin netwok an ba kwamfutar da manhajar /16 maimakon /24, wato maimakon adireshi 254 tana bin 65,534 kullum. Firinta kuwa ƙofar 9100, wato lambar mashigar da take karɓar aikin bugawa, manhajar ke ƙwanƙwasa mata, ita kuma duk abin da ya shigo ta nan bugawa take, shi ya sa ma Nmap, wata manhajar binciken netwok, ke tsallake 9100 zuwa 9107 in yana binciken irin manhajar da ke bayan ƙofa.

Manajan ya ce a goge ta kawai, ban yarda ba, ofis na buƙatar sanin abin da ke kan layinsa. Na mai da ita /24, na bar wa firintocin tambaya ta SNMP kaɗai, wato hanyar tambayar na'ura bayaninta, a ƙofar 161, na rage yawan na'urorin da take taɓawa lokaci guda, sikanin kuma, wato zagayen ƙidayar da take yi ƙarfe 11, na kai shi dare bayan an tashi. Sai na rubuta aikinta da lokacinta a takarda na manna a jikin kwamfutar, washegari ƙarfe 11 na kira Malama a wayar teburinta muka yi magana tas.