Kakin kyandir da takardar tace: inda aikin ya kai

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Ga inda aka kwana a aikin 'yar takardar gwajin nan da muke haɗawa a Samaru da kayan da aljihunmu zai iya ɗauka.

Ga waɗanda suka shigo daga baya: takarda ce ake yi wa siraran hanyoyi, a ɗiga mata fitsari ko jini, ruwan ya bi hanya da kansa har inda aka sa sinadari, launi ya canja. Ba famfo, ba batir, zaren takardar ne ke jan ruwan. Masu bincike a ƙarƙashin George Whitesides na Jami'ar Harvard a Amurka ne suka fito da dabarar a 2007, suka nuna za a iya gano sukari da furotin na fitsari da ita. A 2009 aka fara buga hanyoyin da firintar kaki, amma Xerox ta daina ƙera irin wannan firinta a 2016. Shi ya sa muka koma aikin hannu.

Kayana su ne takardar tace Whatman mai lamba 1, kyandir, dutsen guga, da ƙyallen sikirin irin na masu buga rubutu a riguna, wanda na sa aka zana mini a Sabon Gari. A ɗora ƙyallen a kan takarda, a goga kyandir da ƙarfi, kaki ya sauka a inda ake son bango, wato shingen kakin da zai tsare ruwa a cikin hanya. Wannan ba wuya.

Wuyar tana wajen wuta, kuma a ganina duk aikin nan ya rataya. Kakin da aka goga a sama kawai yake zaune, dole ya narke ya ratsa har bayan takardar, in ba haka ba ruwa ya bi ta ƙarƙashin bango ya watse. Ni juya dutsen guga nake yi fuskarsa ta kalli sama, in shimfiɗa takardar alminiyam, sannan in ɗora aikin. Kada a danna daga sama, zanen zai dame. Ku zuba ido: farin kakin zai ɓace, wurin ya yi duhu yana ɗaukar haske kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Da ganin haka ku ɗauke, ku ɗaga ta a rana ku duba bayanta. In akwai sauran farin tabo a jikin bango, to nan zai yi yoyo.

Sai dai kaki ba ƙasa kaɗai yake tafiya ba, yana bazuwa gefe da gefe. Bango yana kauri, hanya tana tsukewa, in an bar shi ya daɗe ma sai ta toshe gaba ɗaya. Don haka ku zana hanyar da faɗi fiye da yadda kuke so ta fito. Nawa ina farawa da kamar milimita 3, kuma ruwa yana wucewa lafiya.

Hunturun Zariya ma ya koya mini tsawon hanya. Ruwa a takarda da gudu yake farawa, sannan ya riƙa ja da baya. Lissafin da wani masanin kimiyya mai suna Washburn ya fitar a 1921 ya nuna cewa in ka ninka nisa sau 2, lokacin zai ninka sau 4. To ga iska busasshiya tana shanye ɗigon tun bai isa ba. Na gajarta hanyoyin, na manna salatif a baya, ina kuma rufe aikin da roba saboda ƙura.

Ban taɓa fitsari ko jinin kowa ba tukuna, kuma ina roƙon ku kada ku yi gaggawa. Da zoɓo nake gwaji. In ɗiga ruwansa a da'irorin da ke ƙarshen hanyoyin ya bushe, sai in sa lemun tsami a tsakiyar takardar ya bi hanya ya isa can, ja ya ƙara haske. In ruwan kanwa ne, ya koma kore-kore. Aidin na kemis da ruwan kamu kuwa shuɗi ne mai duhu. Wannan ya isa ya nuna maka ko bangonka na riƙe ruwa. Gwajin sukari na gaskiya yana buƙatar sinadaran gulukos oksides, feroksides da fotasiyam ayodaid, launin ya fito ruwan ƙasa, kuma biyun farko sai a firij. Ko an same su, takardar da aka yi a ɗaki ba za ta gaya wa mutum yana da ciwon sukari ba. Mai damuwa ya je asibiti a auna shi.

Abin da ke gabana yanzu shi ne launi yana taruwa a bakin da'ira, tsakiya ta yi fari-fari, kyamarar waya kuma ta kasa ba da karatu ɗaya. Ina haɗa ɗan kwali mai fitila a ciki don hasken ya daidaita. Wanda kuma ya gwada kakin zuma maimakon kyandir, don Allah ya faɗa mana yadda yake bazuwa a wuta.