Abin da Gwiwar Dattawa da Shirun Yara Suka Koya Mini a Aikin Bincike

Na shiga binciken amosanin gaɓɓai ne saboda yawan dattawan da nake gani a asibitocin Kano, galibinsu mata, suna dogara sanda suna kukan gwiwa. Cuta ce da guringuntsin da ya lulluɓe bakin ƙashi yake zaizayewa sannu a hankali, har ƙashi ya riƙa gugar ɗan'uwansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da ita, kashi 60 cikin ɗari mata, kuma gwiwa ce gaɓar da ta fi kamawa.

Kuskurena na farko shi ne yarda da takarda fiye da majinyaci. Na ɗauko ma'aunin WOMAC, wato jerin tambayoyi 24 da aka tsara a Kanada don auna ciwon gaɓɓai da wahalar motsi, na fassara shi yadda ya zo, da batun hawa bene da sanya safa da shiga kwamin wanka. Wata dattijuwa daga cikin gari ta amsa yawancinsu da cewa babu damuwa, alhali da ƙyar ta iya zama a gabanmu. Sai abokiyar aikina, ma'aikaciyar sashen gashin ƙashi, ta ce mata, "Hajiya, yaya sallah?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "'Yata, rabon da goshina ya taɓa ƙasa tun azumin bara, a kan kujera nake yi." A ranar na gane cewa a wurinmu ciwon gwiwa yana bayyana ne a sujada da zaman tahiya da tsuguno da tashi daga tabarma, kuma takardata ba ta tambayi ko ɗaya ba.

Wani likitan yara ne ya ja ni zuwa binciken galahanga, wato larurar autism da ke shafar mu'amala da maganar yaro, kalmar da har yanzu ban gamsu da ita ba, domin mutane suna haɗa larurori mabambanta a ƙarƙashinta. Mun yi aiki da ma'aunin M-CHAT da aka sabunta, na gano alamun wannan larura da wuri, mai tambayoyi 20, wanda ake yi wa iyayen yara 'yan wata 16 zuwa 30. Ɗaya daga ciki tana tambaya ko yaro yana waiwayowa idan an kira sunansa. To, uwar da take alkunyar ɗan fari ba ta taɓa kiran sunansa na yanka ba, don haka idan ba a ce mata laƙabin da ake kiransa da shi a gida ake nufi ba, amsarta za ta karkata, a sanya wa lafiyayyen yaro alamar da ba tasa ba. A tambayar ko ƙara tana damun yaro ma, misalin injin shara da aka bayar sai da muka maye gurbinsa da janareta da injin markaɗe. Iyaye da yawa sun riga sun kai yaran wurin ruƙiyya kafin su zo mana, kuma na koyi cewa duk wanda ya raina wannan tafiya tasu ba zai ƙara ganinsu ba.

Haɗin gwiwa da masana na ƙasashen waje ya amfane ni ƙwarai wajen lissafin alƙaluma da tsara rubutu, amma ya taɓa ƙona mini rai. A wani aiki, mu muka bi unguwa unguwa muka tattara bayanai, sai muka tarar da sunayenmu a sahun godiya kawai. Tun daga lokacin ba na fara aiki sai an rubuta wanda zai riƙe bayanan da jerin marubuta, kuma ina nacewa a sanya ma'aikatan jinya da masu gashin ƙashi waɗanda suka ba da gudunmawa ta ilimi.

Jami'a tana auna tasirinmu da yawan waɗanda suka kafa hujja da rubutunmu, kamar ma'aunin da masanin kimiyya Jorge Hirsch ya gabatar a 2005, kuma da shi ake duba ƙarin girma, don haka ba na raina shi. Sai dai rubutuna da aka fi ambata shi ne wanda na yi da fassarar farko mai rauni, abin da yake damuna har gobe. Yanzu idan mun fassara ma'auni, muna ba wani wanda bai ga asalin ba ya mayar da shi Turanci, mu kwatanta, sannan mu zauna da iyaye mata da dattawa mu karanta musu tambaya bayan tambaya, kowa ya faɗi abin da ya fahimta, kafin mu yarda a kai shi ɗakin duba marasa lafiya.