Brighton ta iya ciniki

Ni ɗan Chelsea ne, amma ko da zafi sai na faɗa: Brighton ta fi mu iya kasuwa. A 2021 suka ɗauko ɗan wasan tsakiya Moises Caicedo daga Independiente del Valle ta ƙasar Ikwado kan kusan fam miliyan 4.5, suka tura shi aro Beljiyam ya goge. A 2023 mu muka amince da fam miliyan 115 a kansa. Ranar da labarin ya fito, gidan kallon unguwarmu har da tafi. Ni kuwa ribarsu nake ta lissafawa a zuci.

Mai kulob ɗin Brighton, Tony Bloom, da alƙaluma yake farautar yaran 'yan wasa. Caicedo na fita, magajinsa Carlos Baleba na shigowa daga Lille ta Faransa, cikin wata guda.