Tarihin rayuwata, kashi na 9: Asusun ƴan aji da shayin baƙon fada

A makon jiya mun tsaya inda motar Tahoua ta sauke ni a Yamai. Yau zan ajiye labarin kaina in bayyana yadda ake riƙe abokan da aka baro, don sai da wannan za a gane abin da ke tafe.

Daga Tahoua zuwa Yamai kusan kilomita 550 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar yini guda. Kuma ba Yamai kaɗai Adarawa ke watsuwa ba. Ƴan aji ɗaya, bayan shekara goma, wani na Abijan, wani na Libiya, wani na Galmi yana noman albasa. Zauren WhatsApp shi kaɗai ba ya riƙe irin waɗannan mutane. Wata uku ana ta barka da Juma'a da hoton furanni, daga nan sai shiru. Abin da ke riƙe su asusu ne mai rana tsayayya.

Mutum 15 zuwa 20 sun isa. In suka wuce haka, wasu sai su laɓe bayan wasu. Kowa jika ɗaya a wata, a ƙarshen wata, lokacin da ma'aikaci ya ɗauki albashi. Na nesa ya turo ta kamfanin aika kuɗi, Nita ko Amana, ya sa hoton takardar a zaure. Tun ranar farko a rubuta abin da asusu zai fitar: suna kaza, aure kaza, rasuwar uwa ko uba ko mata kaza, kwanciya asibiti kaza. In ba a rubuta ba, ranar da aka ba wani jika 20 aka ba wani 15, ranar zumunci ya fara tsami.

Kuɗi kuwa kada su zauna hannun mai littafi. Ɗaya ya riƙe kuɗi, wani dabam ya riƙe lissafi, a karanta shi kowane wata. Yawancin asusun da suka mutu ba sata ta kashe su ba, rance ne. Ma'aji ya ji kunyar aboki, ya ba shi "zuwa jibi", sai rasuwa ta faɗo akwati ba komai. A ganina gara a haramta rancen gaba ɗaya, ko da za a ce an yi tsauri. Siyasa ma a bar ta waje.

Sai lambobin waya. Layin da aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba, kamfani kan karɓe ya sayar wa wani, kai kana ta gaida baƙo. Kodibuwa ta mayar da lambobinta daga 8 zuwa 10 a Janairun 2021, Benin ta bi sahu a ƙarshen 2024, don haka tsohuwar lambar da ke littafinka ba za ta shiga ba sai an gyara. A riƙe lambar ɗan'uwan kowa da ke gida. A kuma tuna Abijan na bayanmu da awa ɗaya, Libiya na gabanmu da awa ɗaya, kada a kira ɗan ci-rani yana tsakiyar aiki. Ta'aziyya dai ba a yin ta da saƙon murya in ana gari ɗaya. A taka a je.

Sababbin abokai a Yamai, ƙofarsu fada ce, wato majalisar masu shan shayi a bakin titi. Baƙo a unguwar Bukoki ko Wadata ya fara da masallacin unguwa, ya yi sallama ga masu shayin bakin titi kwana biyu uku kafin ya zauna. In ya zauna, ya jira zagaye uku na shayin, tashi bayan na fari kamar raini ne. A zuwansa fada karo na uku ya riƙo ƙullin sukari ko gawayi, ba tare da ya yi shela ba. "Fofo" da "mate ni go" na Zabarmanci na buɗe fuska ƙwarai. Wasan taubasai ya fi su, amma sai ka san asalin mutum: Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Babarbare ko Ba'are. Ka tsokani wanda ba taubashinka ba, zagi ka yi.

Mako mai zuwa za mu shiga kasuwar Katako, inda na fara neman aiki.