Targaɗen ƙanena da ɗokin komawa fagen kokowa

A lokacin sanyin da ya wuce ƙanena ya yi targaɗe a idon sawu yana tsakiyar atisayen kokowa, kafin magariba kuwa ƙafar ta kumbura suntum. Inna ta ɗora ruwa a wuta domin a gasa masa kamar yadda aka saba, amma na roƙe ta da ta dakata, saboda zafi da tausa a ranar farko suna ƙara zubar jini a cikin naman da ya yage. Ƙanƙara muka naɗe a tsumma muka ɗora masa, muka ɗaga ƙafar bisa matashi.

Kumburin da muke tsoro shi ne mafarin gyara. Jini yana daskarewa a wurin, fararen ƙwayoyin jini su taru su share mataccen nama cikin ƴan kwanakin farko. Bayan haka wasu ƙwayoyin halitta suke fara shimfiɗa wani zare mai suna kolajin, wanda da farko a hargitse yake, kamar audugar da ba a kaɗa ba. Sai an ɗauki watanni, wani lokaci har shekara, kafin zaren ya miƙe ya jeru ta fuskar da nauyi yake jan sa, shi ya sa likita ya hana ƙanena kwanciya dindindin, ya ce ya riƙa motsa ƙafar kaɗan-kaɗan. Tsoka tana warkewa da wuri domin jini ya wadace ta, amma jijiyar da ke ɗaure gaɓa jininta kaɗan ne, guringuntsi kuwa ba shi da hanyoyin jini ma.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne mako na biyu, lokacin da raɗaɗin ya tafi alhali zaren bai yi ƙwari ba. "Yaya, ai na warke," haka yake ce mini kowace safiya. A garinmu, garin Kantu, ɗan kokowar da ya ɗauki takobin ƙasa na farko a gasar kokowar Nijar a 1975, hana saurayi shiga fage ba ƙaramin aiki ba ne. Na ce masa ya tsaya da ƙafar ita kaɗai, ya rufe ido. Bai kai ga ƙirga goma ba ya dafa bango. Inna ta ci gaba da ba shi wake, ƙwai da goba, sai a mako na bakwai ya koma atisaye da ƙafar a ɗaure.