Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shekarar da Baba ya daina kawo dabara

A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, sai duk wani ƙarfen inji da masana'antarmu ke sayowa daga Faransa kuɗinsa ya ninka. Muna can wajen Gamkalle a Yamai, ni kuwa a lokacin ƙaramin ma'aikaci ne a sashen lissafin albashi. Wanda ya hana injinanmu tsayawa shi ne babban makanike, dattijon da kowa ke kira Baba. Yakan shiga kasuwar Katako ya tsinto tsofaffin ƙarafa, ya zauna da masu walda har sai sun ƙera abin da ya yi daidai da wanda ya lalace, kuma samarin da ke ƙarƙashinsa suka kama gasar kawo dabaru irin nasa.

Da shekara ta ƙare, takardun albashi suka biyo ta hannuna. An ƙara wa darekta da mataimakansa kuɗin gida da na mota, an ba su ladan rage kashe kuɗi, alhali ragin daga hannun Baba ya fito. Shi kuwa an ba shi takardar yabo. Irin wannan labari ba ya ɓoyuwa a ma'aikata, domin direbobi da masu gadi sun riga kowa gani.

Wasu na cewa tazarar albashi tana zaburar da ma'aikaci, saboda yana hangen kujerar sama. Na yarda da haka ga mai digiri da ke dab da zama shugaban sashe. Makanike da bai yi boko mai zurfi ba ya san babu matakalar da za ta kai shi can, don haka abin da yake dubawa kawai shi ne ko an raba amfanin tunaninsa da adalci.

Babu wanda ya yi yajin aiki. Kowa na zuwa a kan lokaci, amma shawara ta ƙafe. Ranar da babban inji ya sake tsayawa, darekta ya sauko da kansa ya ce, "Baba, yaya za mu yi?" Baba ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, sai a yi oda daga Faransa." Aka yi odar, muka zauna makonni babu aiki, aka sallami 'yan kwadago na wucin gadi, kuma ni aka umarta in rubuta sunayensu. Mako mai zuwa zan faɗi yadda na kai wa darekta wannan takarda.